Harshen da Inna Ta Farka da Shi

Ofishinsa yana hawa na uku na tsangayarsu a jami'a, can ƙarshen baranda, inda ruwan famfo ba ya hawa sai ya ga dama. Falsafa yake koyarwa. Ɗalibai sun laƙaba masa Malam Me-ya-sa, domin ko cewa ka yi yau ana zafi, yana iya tsayar da kai ya tambaye ka yadda aka yi ka tabbatar. A gida kuwa Auta ake ce masa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa.

Kullum da safe yakan wuce ƙofar Sashen Harsuna, da ta Tarihi, da ta Kiɗa da Wasan Kwaikwayo, ya ɗaga hannu ya haye sama. Ya san fuskokin mutanen daga taron tsangaya, inda ake cacar baki kan azuzuwa da lokutan jarrabawa. Abin da suke yi idan sun koma sun rufe ƙofa kuwa bai taɓa damunsa ba.

Ana tsakiyar zangon karatu mahaifiyarsa ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya rufe. Bayan an sallame ta daga asibiti aka kai ta gidan yayarsa, wadda ta ajiye ɗinkinta ta koma jinya. Inna tana jin duk abin da aka faɗa mata. Idan aka ce ta buɗe baki a ba ta magani, za ta buɗe. Idan aka ambaci wanda ba ta so, za ta kawar da kai. Magana ce dai babu.

Ran nan da hantsi Yaya ta kira shi a waya. Ta ce, "Auta, bakin Inna ya buɗe. Amma zo ka ji da kunnenka."

Ya tarar da Inna a jingine tana magana tiryan-tiryan, muryarta ce da ya sani tun yana goye, sai dai ko kalma ɗaya bai gane ba. Yaya ta riga ta yanke hukunci. Ta ce sambatu ne irin na masu wannan ciwo, in ma ba wani abin ba ne ya shige ta, a dai ci gaba da addu'a. Likitan da ke duba ta ya ce akan samu wanda ciwon ya taɓa ya koma harshen da ya fara ji yana yaro, sannan ya tambaye su da wane harshe Inna ta tashi.

Suka haɗa baki suka ce, "Wannan dai da muke yi."

Likita ya ɗaga kafaɗa, ya ce to a ba ta lokaci.

Auta bai gamsu ba. Ya zauna gefen gadon yana saurare, ya lura akwai wata jimla da take maimaitawa, kullum da tashin murya a wuri ɗaya. Idan ta faɗa ba a yi komai ba, sai ta sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai yi wa yaro bayani. Idan aka sake yin shiru, sai ta ja tsaki ta juya fuska bango. A ransa ya ce mai sambatu ba ya jiran amsa, balle ya yi fushi don ba a ba shi ba. Ya ɗauko wayarsa ya naɗi maganar.

Washegari, maimakon ya haye sama, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar shugaban Sashen Harsuna, wani gajeren mutum mai fara'a da abokan aiki ke kira Ƙamus.

Ƙamus ya ce, "Yau mutanen sama ne a ƙasa? Zauna, Malam. Kujerar tana nan da gaske, ba sai ka yi bincike ba."

Auta ya yi murmushi ya ba shi labari, ya kunna masa. Fara'ar Ƙamus ta koma natsuwa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a mayar baya, ya jawo takarda yana zana wasu alamomi masu ƙugiya da ɗigo da Auta bai taɓa gani ba.

Ya ce, "Harshe ne. Ka ji wannan kalmar? Ga ta nan, ga ta kuma nan, amma wutsiyarta ta canza. Ruɗewar ƙwaƙwalwa ba ta canza wutsiyar kalma bisa ƙa'ida."

"To wane harshe ne?"

"Nan fa ɗaya. Ban san shi ba. Mutane suna zaton mu a sashen nan duk harsunan duniya muke ji. Mu yadda aka gina harshe muke kallo, kamar bakanike da inji. Zan iya gaya maka motar nan lafiyarta ƙalau, amma ban san daga ina ta taso ba."

Ƙamus ya ja shi zuwa ɗakin shan shayin malamai, ya aza wayar a tsakiyar tebur. Nan da nan aka kewaye ta, kowa da nasa hasashe. Wata malama daga Sashen Kiɗa, wadda ke motsa shayinta, ta ɗaga cokali lokacin da naɗin ya kusa ƙarewa.

Ta ce, "Mayar da wannan wurin. Nan ba magana take ba, waƙa ce. Numfashi ne ya gaza mata shi ya sa ba ku ji ba." Ta shiga buga cokalin a gefen kofi, sai ga maganar Inna ta hau kan bugun daram. "Irin wadda ake yi wa jariri ce. Kuma na taɓa jin mai kama da ita a kaset ɗin Cibiya."

Auta ya ce, "Wace cibiya?"

Aka yi masa dariya. Ashe ƙofar nan ta ƙarƙashin matakala, wadda ya ɗauka ɗakin ajiyar tsintsiya da karyayyun kujeru ne, ita ce Cibiyar Nazarin Ƙananan Harsuna. Allon sunan yana nan, rana ce ta cinye rubutun.

Ɗakin ya fi yadda ya zata zurfi. Kantoci ne daga ƙasa har silin, cike da kaset-kaset a cikin kwalaye, ga wata tsohuwar fanka tana juyi tana ƙara. A tsakiya wata dattijuwa siririya take zaune, ta sa abin saurare a kunne. Farfesa ce da ta yi ritaya, jami'a ta roƙe ta ta ci gaba da riƙon Cibiyar saboda ba a sami wanda zai karɓa ba. Aikinta yanzu kwashe muryoyin daga kaset zuwa kwamfuta kafin zaren ya ruɓe.

Ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, wata 'yar matsala ce ta kawo ni."

Ta ce, "Masu zuwa nan iri biyu ne, masu neman banɗaki da masu matsala. Zauna, ɗana."

Ya kunna. Jimlar farko ba ta ƙare ba Farfesa ta cire tabarau ta ajiye. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta kara a kunne, leɓɓanta suna motsi. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Auta ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ko da yake idon ya kawo ruwa.

"Wace ce wannan?"

"Mahaifiyata ce. Ranki ya daɗe, kin ji abin da take cewa?"

"Cewa take a cire mata matashin nan na biyu, wuyanta ciwo yake. Ta ce ta faɗa ta faɗa, ashe kurame ta haifa."

Duk kwanakin nan shi da Yaya suna zaton wata wasiyya ce mai nauyi take ƙoƙarin bari. Ya tuna yadda shi da kansa yake ƙara tura matashin a bayanta duk lokacin da ta yi maganar.

Farfesa ta ba shi labarin harshen. Na wasu mutane ne 'yan kaɗan da suka zauna a wani kwari tsakanin duwatsu, nesa da nan. Tana ƙaramar malama ta je ta zauna da su ta koya. Daga baya aka gina madatsar ruwa, kwarin ya nutse, aka watsa mutanen cikin garuruwa, 'ya'yansu suka tashi da harsunan maƙwabta. Tsofaffin da ta sani duk sun rasu. Ta nuna wani kanta guda ta ce, "Su ke nan a nan. Na daɗe ban ji shi daga bakin mai rai ba. Yaya aka yi mahaifiyarka ta same shi?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Ranar Asabar da safe ya je ya ɗauko Farfesa. Ta ci ado kamar mai zuwa gaida surukai, kuma tun daga ƙofar gidanta har suka iso tana ta gunguni ita kaɗai, tana bitar gaisuwa. Ta ce masa gabanta faɗuwa yake, kada harshen ya guje mata a gaban mai shi.

Yaya ta tarbe su da ladabi, amma fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta riga ta cire matashin tun ranar da Auta ya kira ta, Inna kuwa ta yi mata wani kallo da ya fi zagi ciwo.

Farfesa ta zauna a bakin gado ta yi gaisuwarta. Inna ta juyo a hankali. Ta dubi baƙuwar tun daga ɗankwali har takalmi, ta daɗe tana kallo, sannan ɓarin bakinta mai lafiya ya ɗaga, ta fashe da wata dariya da rabon a ji ta tun kafin ciwo. Ta faɗi wani abu, Farfesa ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce wace mace ce wannan mai magana kamar tsoho. Gaisuwar da na yi mata, wai maza ke yi wa juna idan an dawo daga farauta. Gaskiyarta. Da tsofaffin maza na zauna a gindin bishiya, matan suna can suna aiki, ba su da lokacina."

Daga nan hira ta ɓarke. Inna ta riƙe hannun Farfesa da hannunta na hagu ta ƙi saki. Su Auta suka koma 'yan kallo a ɗakin uwarsu, sai Farfesa ta ɗan tsagaita ta juyo musu da abin da aka ce.

Mahaifin Inna ma'aikacin awon hanya ne, aiki ya kai shi kwarin tare da matarsa mai ciki. Matar ta rasu wajen haihuwa. Wata mata a ƙauyen da ke shayar da 'yarta ta karɓi jaririyar ta haɗa su biyu, nono ɗaya, zani ɗaya. Aiki ya yi gaba da uban, yarinya ta zauna. Sai da ta fara famfara sannan ƙanwar uban ta zo ta tafi da ita. A sabon gidan, duk lokacin da ta buɗe baki yara su yi ta dariya, gwaggon kuma ta ce kada ta ƙara jin wannan gwalan-gwalan a gidanta. Ta yi shiru wata da watanni, ranar da ta sake magana kuwa da harshen gidan ta yi. Ko mijinta bai taɓa sani ba.

Yaya ta ce a hankali, "Inna, shi ne ba ki taɓa gaya mana ba?"

Inna ta ba da amsa gajera tana kallon Auta. Farfesa ta fassara: "Ta ce wa ya tambaye ta."

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

Da za su tafi, Farfesa ta nemi izinin ta riƙa zuwa da na'urar naɗar magana. Ta ce zancen mata, da waƙoƙin reno, da sunayen kayan ɗaki, duk babu su a kantocinta. Yaya ta ɗaure fuska ta ce, "Ranki ya daɗe, mun gode ƙwarai, amma Innarmu marar lafiya ce, ba abin bincike ba." Farfesa ta ce haka ne, ba ta ja ba. Sai Inna, wadda ke jin komai, ta bubbuga katifa. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: a kai ta ta ga ɗakin da aka ce an tara muryoyin mutanenta.

Aka jira har ta ɗan yi ƙarfi. Wata ranar Laraba Auta ya turo ta a keken marasa lafiya ta barandar ƙasa, Yaya tana biye da jakar magani, ɗalibai suna matsawa suna gaisuwa. Farfesa ta sa mata abin saurare a kunne ta kunna kaset. Inna ta runtse ido. Jim kaɗan ta fara amsawa, tana gyaɗa kai, tana cewa wani abu kamar mai karɓar gaisuwa. Can kuma ta ɓata rai ta ɗaga murya.

Farfesa ta raɗa wa Auta, "Musu take da mai maganar cikin kaset ɗin. Tsohon ya ce hanyar rafi ta bayan maƙera ta bi, ita kuma ta ce ƙarya yake, ta gaba ce, ita da ta sha ɗebo ruwa."

"Tsohon yana raye?"

"Ya rasu tun kana firamare."

Ba ta gane muryar kowa ba, yarinya ce ƙarama lokacin da ta bar su. Amma da aka ambaci wani gida ta ɗaga hannu, ta ce gidan da aka shayar da ita ke nan. Ta tambaya ko a cikin kwalayen nan akwai muryar 'yar'uwarta ta nono. Farfesa ta ce babu. Sai Inna ta ce a cire mata abin, kunnenta ya gaji.

Labari ya riga ya zaga tsangaya. Ƙamus ya leƙo da takardarsa, malamar Kiɗa ta zo ta durƙusa ta rera wa Inna rabin waƙar renon, Inna ta gyara mata ta ƙarasa. Har da wani dogon malamin Tarihi da Auta bai taɓa jin muryarsa ba sai a wajen faɗan azuzuwa. Shi ne ya ce ya taɓa duba aikin wani ɗalibi kan mutanen da madatsar ta tasa, kuma ya san unguwar da aka zaunar da yawancinsu a wani gari. Ya ce in ana so, zai raka.

Da aka yi hutu suka tafi su uku, shi da Farfesa da malamin Tarihin. Tafiya ce ta yini guda. Unguwar ba ta da wani bambanci da kowace unguwa: shagunan caji, masu gyaran babur, yara suna ƙwallo. Matasan da suka tambaya ba su ma san kakanninsu suna da wani harshe ba. Daga wannan gida a tura su wancan, har aka kai su wurin wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, mace mai jiki da yawan dariya. Da Farfesa ta ambaci sunan gidan, matar ta dafa ƙirji ta ce gidan kakanninta ne.

Mahaifiyarta ce 'yar'uwar nonon. Ta rasu shekarun baya. Matar ta ce, "Har ta tsufa tana zancen wata 'yar'uwarta da aka zo aka ɗauke. Mu mun ɗauka tatsuniya ce, don ba mu ga hoto ba, ba mu ga kowa ba." Ta ce ita tana jin harshen sarai, da shi uwarta ke yi mata faɗa, amma bakinta ba ya iya mayarwa.

Auta ya kira Yaya ya ce ta kara wa Inna waya a kunne. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya faɗa mata gaskiya kai tsaye, cewa 'yar'uwarta ta riga mu gidan gaskiya, amma ga 'yarta.  Sannan muryar Inna ta fito, ta yi wata tambaya.

Matar ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta ce, "Na'am, Inna. E, tana da tabon, a goshi, gefen hagu. Ta ce ke kika jefe ta da dutse." Ta saurara, ta yi dariya tana share ido da bayan hannu. "To, ita dai haka ta gaya mana. Ba ta ce ita ta fara ba."

Haka suka yi ta yi, Inna da harshenta, matar da nata, ba mai buƙatar tafinta. Farfesa ta zaro na'urarta daga jaka, ta dube ta, ta mayar. Malamin Tarihi ya fita waje neman ruwan sha.

Harshen gida ya dawo wa Inna daga baya, kaɗan-kaɗan, ba duka ba, kuma takan gauraya su idan ta gaji. Farfesa tana zuwa duk mako, Yaya ce ma ke ajiye mata kujera. Ma'aikaciyar jinyar nan kuwa ta zo da kanta bayan wata biyu, da niyyar kwana ɗaya, ta yi mako guda. Ita ta nuna wa Yaya yadda ake juya marar lafiya ba tare da an ji ciwon baya ba, kuma kafin ta tafi sai da ta sa Inna ta taka daga gado zuwa bakin ƙofa.